Yadda ake kula da boris da aksul ɗin gaba na tsohuwar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu

Tsohuwar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu tana da wani alheri da yawancin sababbin motoci suka rasa. Boris ɗin ƙafarta na gaba ana buɗe shi, a wanke, a sake cika shi da giris, a ɗaure shi daidai, ya ci gaba da aiki shekara da shekaru. A sabuwar mota hob, wato cibiyar da ake ɗaura taya a kai, da boris a haɗe suke a rufe, da zarar ya fara ƙara sai a yar a sayo wani. Amma alherin nan da sharaɗinsa. Boris ɗin da hannu ke ɗaurewa, hannu na iya kashe shi. Mafi yawan waɗanda ke ƙonewa ba tsufa ne ke cin su ba. Ruwa ne, ko ƙasa, ko noti da aka ɗaure da ƙarfin damtse ba da awo ba.

Idan boris kaɗai za ka taɓa, aikin yini guda ne ga mai haƙuri. Idan za ka shiga har cikin gwiwar aksul, wato ɓangaren ƙarshen aksul da ke juyawa idan an karya sitiyari, ka ware yini biyu. Ba ya neman na'ura mai tsada. Tsabta yake nema da awo.

Fara da sanin irin aksul ɗin motarka

Yawancin tsofaffin motocin nan kashi biyu ne. Akwai masu rufaffiyar gwiwa, irin Toyota Hilux mai jan ƙafa huɗu da aka fara a 1979 (a Amurka an daina sa mata wannan aksul bayan 1985, amma a ƙasashe da yawa an ci gaba har 1997), da Land Cruiser ƙirar 70 da ta fito a 1984. In ka leƙa bayan taya za ka ga babban ƙwallon ƙarfe a ƙarshen aksul, gwiwar ta rufe rabinsa. A ciki mahaɗin Birfield yake, nitse cikin giris, shi ke barin shaf ya juya taya ko da an karya sitiyari. Kashi na biyu masu buɗaɗɗiyar gwiwa ne, irin aksul ɗin Dana 44 da Dana 60 da ke ƙarƙashin Ford da Chevrolet da Dodge na ƙarshen shekarun 1970 da na 1980. A nan kuros ne, mahaɗin shaf mai siffar giciye, a fili kana ganinsa da idonka, gwiwar kuma tana rataye a kan bol-join ko kin-fin.

Ta wajen boris ɗin taya kuwa duk tafiyarsu ɗaya. Akwai sifindil, bututun ƙarfe da shaf ke ratsawa ta cikinsa. A kansa boris biyu ne suna fuskantar juna, babba a ciki, ƙarami a waje, sil a baya yana tsare giris, noti biyu a gaba. Hatta Hilux ɗin da aka yi wa ƙafafun gaba masu motsi daban-daban daga 1986 irin wannan hob ɗin gare ta, don haka duk abin da zan faɗa a kan boris ya shafe ta.

'Ya'yan wannan boris ba ƙwallaye ba ne. 'Yan sanduna ne masu tsukewa ta gefe ɗaya, suna gudu cikin kofi mai gangare, ƙirar da Henry Timken ya yi wa rajista a 1898. Wannan siffa ce ta sa yake ɗaukar nauyin mota daga sama, ya kuma ɗauki turin da ke zuwa daga gefe idan an sha kwana. Ita ce kuma ta sa zurfin zaman boris cikin kofinsa ya rataya a kan noti. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kafin ka kwance komai

Saurari motar tukuna. Boris da ya fara lalacewa gurnani yake yi wanda ke ƙaruwa da gudu, ba da ƙarar inji ba. A hanya marar cunkoso ka ɗan karkata sitiyari hagu da dama. In gurnanin ya ƙaru lokacin da ka karkata hagu, galibi ƙafar dama ce, don nauyi a kanta ya koma. Ƙas-ƙas-ƙas da ke fitowa sai an sa jan ƙafa huɗu an karya sitiyari sosai, wannan Birfield ne ko kuros. Bayan tafiya mai ɗan nisa da ba a taka birki da yawa ba, kai bayan hannunka kusa da hob biyun. Ɗumi ba laifi. In ɗaya ya fi ɗaya zafi a fili, akwai magana.

Sai ka ɗaga gaban motar da jak, ka ɗora shi a kan ƙafafun tokare. Kama taya sama da ƙasa ka jijjiga da ƙarfi. In ka ji tana lilo, sa wani ya taka birki ya riƙe, ka sake jijjigawa. Lilon ya ɓace, boris ɗin taya ne. Yana nan, to matsalar a gwiwa take, boris ɗin kin-fin ko bol-join. Lilon da ake ji sai an kama taya hagu da dama yawanci daga tayarod yake. Wannan ɗan gwajin na minti biyu ya kan hana mutum sayen abin da bai lalace ba.

A masu rufaffiyar gwiwa ka duba bayan ƙwallon. Ɗan danshin giris a jikinsa daidai ne. Amma in ka ga baƙin abu mai ruwa-ruwa yana ɗiga har kan rim, yana warin man giya, sil ɗin cikin aksul ya mutu, man difarenshiyal ya tsallako ya narka giris ɗin gwiwa. Wannan ba ya gyaruwa da ƙara giris ta sama. Sai an buɗe.

Ko ba alamar komai, a sabunta giris ɗin boris kusan kowane kilomita 40,000 zuwa 50,000. Motar da ta ratsa ruwan da ya kai tsakiyar taya ba ta jiran wannan lissafi.

Abin da za ka tanada

Soket ɗin notin boris shi ne na farko. Na Toyota milimita 54 ne, siririn baki. Na Dana 44 mai haƙora huɗu ne da ke shiga tsagar noti. Sau da yawa za ka buɗe hob ka tarar da noti duk sara, alamar wani ya yi aikin da cizal da guduma. Cizal ba ya auna komai, kuma ɓarɓashin ƙarfen da yake fitarwa cikin boris yake faɗawa. Sayi soket ɗin.

Bayan shi kana bukatar sifana mai awon ƙarfin ɗauri, sikelin ƙugiya mai auna har kilo 10, filayar cire sakilif (ɗan zoben ƙarfe mai zama a tsaga), sandar tagulla, guduma, buroshi, tsummoki masu tsabta da yawa, kananzir ko dizal na wanki, da ƙafafun tokare na ƙarfe. A kayan canji, sil sabo dole ne kowane lokaci, haka washa mai kunnuwa ta kulle noti, da gasket ɗin hob. In za ka sayi boris, ka nemi na kamfanin da aka sani, Koyo, Timken, NSK ko SKF, daga hannun da ka yarda da shi, domin na jabu sun yi yawa kuma kwalinsu ya kan yi kama da na gaske.

Giris iri biyu ne kuma ba a musanya su. Na boris ɗin taya shi ne mai jure zafi, mai lambar kauri NLGI 2, yawanci na litiyam. Na Birfield da cikin gwiwa shi ne baƙin nan mai moli, wanda aka yi don ƙarfe mai gogar ƙarfe ƙarƙashin nauyi. Kada kuma ka zuba sabon giris a kan tsohon da ba ka san irinsa ba. Wasu nau'o'in in sun haɗu sai su tsinke su zama ruwa.

Kwancewa

Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, ja birkin hannu, sa waigi a tayoyin baya. Sassauta notocin taya tana ƙasa, ɗaga, ɗora motar a kan ƙafafun tokare. Jak na ɗagawa ne kawai. Bulo kuma yana fashewa ba tare da gargaɗi ba, kada ka amince masa da ranka.

Yi gefe ɗaya ka gama kafin ka taɓa ɗayan. In ka rikice wajen haɗawa, ga wanda ba a kwance ba ka duba. Shimfiɗa tsumma ka riƙa jera kowane abu bi da bi yadda ya fito, fuskar da ke waje tana kallon sama.

Cire taya, kwance kalifar birki, ka rataye ta da waya a jikin sifirin. Kada ta yi lilo a kan tiyon birki. Ƙurar tsohon birki na iya ƙunsar asbestos mai cutar da huhu, don haka a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, ba a hure ta da iska ba.

Sai makullin hob, wanda ake murɗawa da hannu don haɗa taya da shaf (LOCK) ko raba su (FREE). Na Toyota yawanci Aisin ne. Mayar da shi kan FREE kafin ka kwance murfin, in ba haka ba kayan ciki ba za su fito tare ba. A bakin shaf akwai sakilif, cire shi. Jikin makullin yana ɗaure da noti shida, kuma ƙarƙashin kowanne akwai tsagaggiyar washa mai tsini da ke kama bol kam. Nan mutane ke ɓata rai su fara sa sukudireba a tsakani suna ɓanɓara, su lalata fuskar da gasket ke zama. Sassauta notin har ya yi daidai da kan bol, ɗora sandar tagulla a kai ka buga, washar za ta yi tsalle ta fito da kanta. A Dana makullin cikin hob yake shiga, zobba biyu ke riƙe shi, ƙarami a kan shaf, babba a cikin tsagar hob. Babban ya kan ɓuya cikin tsohon giris, sai ka goge kafin ka gan shi.

Yanzu ga noti biyu a gabanka. A Toyota miƙe kunnuwan washar da ke tsakaninsu, kwance na waje, cire washa, kwance na ciki, sai washa mai kauri. Jawo hob kaɗan, boris ɗin waje zai zamo, tare shi da hannu kada ya faɗi ƙasa. Zare hob da faifan birki gaba ɗaya, yana da nauyi. Kife shi, ɓanɓare sil ɗin baya, ɗauke boris ɗin ciki.

Wanke, sannan ka karanta abin da ƙarfen ke faɗa

Kafin ka wanke, dubi tsohon giris. In ya yi ja-ja kamar tsatsa ko ya yi fari-fari, ruwa ya shiga. In yana ƙyalli, ƙarfe ne ke ci. In ya bushe ya yi baƙi ya dunƙule, zafi ya yi yawa. In ka murza tsakanin yatsu ka ji yashi, sil ya daɗe da daina aiki.

Wanke komai da kananzir har ba sauran giris, cikin hob ma, da sifindil. Bar boris ya bushe a kan tsumma mai tsabta. In kana da iskar kwamfiresa ka iya hurawa ta tsakanin 'ya'yan, amma ka riƙe su kada su juya. Busasshen boris da aka wulwula da iska yana lalacewa nan take, yana ma iya tarwatsewa a hannunka.

Fita da shi cikin haske ka juya 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya halatta a mayar shi ne mai santsi, launin toka bai ɗaya. Duk wanda ya yi ramuka, ko fatarsa ta fara ɓarewa, ko ya yi shuɗi ko ruwan ƙasa saboda zafi, ko kejinsa ya lanƙwashe, ya gama. A kofi kuma ka nemi layuka a tsaye, tazararsu daidai da tazarar 'ya'yan. Ruwa ne ya kwanta mota tana ajiye, tsatsa ta ci wurin da kowane ɗa ya zauna. In farcenka ya ji su, canza. Boris da kofinsa tare ake canza su kullum. Sabon boris a tsohon kofi asarar kuɗi ce, domin tsohon zai koya wa sabon lalacewarsa cikin 'yan watanni.

Kada ka manta da sifindil. Shafa ƙasansa inda boris ke zama, nan nauyi ke sauka. In ka ji mataki da farce, boris ya daɗe yana juyawa a kansa, kuma duk yadda ka ɗaure noti lilo zai dawo. Duba inda leɓen sil ke gudu, kada ya zama ya yi kwari. Duba zaren da noti ke hawa.

Cire kofi ba wuya. A cikin hob akwai 'yan tsagogi biyu da aka bari don a sami bayan kofin. Sa sanda ka buga nan kaɗan, can kaɗan, har ya fito a miƙe. Wajen sa sabo, faffaɗan bakin yana kallon wajen hob. Ɗora tsohon kofin a kansa ka riƙa bugawa kana zagayawa. Da kunne za ka san ya zauna, ƙarar gudumar za ta canza ta zama mai ƙarfi. Leƙa ta baya ka tabbatar ba sauran tazara, domin kofin da bai kai ƙasa ba zai ƙarasa zama a hanya, ɗaurinka ya saki.

In za ka shiga gwiwa

Tunda ka zo nan, rabin aikin ya wuce. A Toyota kwance bol-bol ɗin da ke riƙe sifindil da farantin bayan birki, ɗan buga da tagulla ya saki. A cikin sifindil akwai bushin na tagulla da Birfield ke jingina a kai, duba shi. Kan Birfield yana da gefe biyu da aka shafe. Juya su su kalli sama da ƙasa, sannan shaf zai zaro. Kwashe tsohon giris, yana da yawa.

Cire tayarod, kwance zobban ulu da na roba da ke bayan gwiwa, sai hannun sitiyari a sama da murfi a ƙasa. Ƙarƙashin kowannensu akwai siraran faranti, shim. Na sama daban, na ƙasa daban, ɗaure kowanne da waya ka rubuta. Su ne ke daidaita gwiwar ta zauna a tsakiyar aksul. In aka cakuɗa su, shaf zai karkace ya riƙa cin sabon sil ta gefe ɗaya, bayan 'yan watanni mai ya sake ɗiga, mutum ya ɗora laifi a kan sil.

Boris ɗin kin-fin, wanda gwiwa ke juyawa a kansa sama da ƙasa, ba ya zagayawa, ɗan motsi kawai yake yi hagu da dama, yawancin rayuwarsa a wuri ɗaya mota tana tafiya miƙe. Shi ya sa 'ya'yansa ke haƙa wa kansu gurbi a kofi. Wannan gurbi na cikin abubuwan da ke kawo rawar sitiyari mai tsanani bayan an faɗa rami. A ganina in dai ka buɗe gwiwa, canza su, ba su da tsadar da ta kai wahalar sake buɗewa. Bayan ka haɗa, kafin ka mayar da zobban baya, saƙala sikeli a ramin hannun sitiyari ka ja. Littafin tsohuwar Hilux yana neman kilo 3 zuwa 6. Ɗaurin notocin hannun sitiyari Nm 96 ne (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne a sifana mai awo), kuma ka riƙa duba su lokaci-lokaci, don in suka saki bol ɗin na iya karyewa sitiyari ya kuɓuce.

Sil ɗin ciki yana bakin bututun aksul, a tsakiyar ƙwallon. Cire tsoho, buga sabo a miƙe, shafa wa leɓensa giris. Tura giris mai moli cikin Birfield har ya cika, sannan ka mayar da shaf kana tallafe da shi, kada nauyinsa ya kwanta a kan leɓen sil yana shiga. Cika gwiwa kusan kashi uku cikin huɗu.

A Dana labarin ya bambanta. Sil ɗin ciki yana can kusa da difarenshiyal, sai an fitar da kayan difarenshiyal kafin a kai gare shi, don haka ba a taɓa shi sai yana zuba. Abin dubawa a nan kuros ne, kada ya yi lilo ko ya cije, da ƙaramin boris mai allurai da ke bayan sifindil. Shi ne aka fi mantawa da shi, kuma shi ne farkon abin da ruwa ke samu.

Cika giris da mayar da hob

Wanke hannunka. Ɗebi giris a tafin hannu, kama boris da ɗayan hannun, faffaɗan gefen yana ƙasa, ka riƙa danna bakinsa cikin giris ɗin kana ja, har ka ga giris ya ɓullo ta sama tsakanin 'ya'yan. Juya kaɗan ka maimaita har ka zagaye. Shafa giris a waje kawai ba cikawa ba ce. Shafe kofuna, shafe bangon cikin hob da kauri, amma kada ka danƙare shi taf. Giris na bukatar wurin motsi in ya yi zafi, in babu sai ya tura sil ya fito kan birki.

Sa boris ɗin ciki, buga sabon sil a miƙe da katako a kai, shafa wa leɓensa giris. Shafa kaɗan a sifindil. Ɗaga hob ka shigar da shi a miƙe, kada zaren sifindil ya yagi sil. Sai boris ɗin waje, washa mai kauri, noti na ciki.

Ɗaurin noti

Duk abin da ka yi tun safe a nan zai tsaya ko ya rushe. In noti ya matse fiye da kima, 'ya'yan boris suna matse giris su fitar da shi daga tsakaninsu da kofi, ƙarfe ya hau ƙarfe, zafi ya taru, har boris ya narke ya manne da sifindil. In ya yi sako-sako, nauyin motar gaba ɗaya yana sauka a kan 'ya'ya biyu ko uku maimakon ya rarrabu, hob yana rawa yana buɗe bakin sil, faifan birki kuma yana tura takalman birki baya, sai ka taka birki ka ji ya tafi ƙasa kafin ya kama. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ba ta wuce kaurin takarda ba. Shi ya sa ba a yin ta da ƙiyasi.

Ɗaurin hawa biyu ne. Na farko mai ƙarfi ne, amfaninsa kawai ya zaunar da komai ya fitar da giris ɗin da ya yi yawa. Na biyu shi ne na aiki, kuma ya fi na farko sauƙi nesa ba kusa ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tsaya a na farko.

A Toyota, ɗaure notin ciki zuwa Nm 59, juya hob hagu da dama sau da yawa, sake duba ɗaurin. Sassauta har noti ya juyu da hannu. Sannan ka ɗaure na biyu a hankali. Adadin wannan ya bambanta tsakanin Hilux da Land Cruiser, ka ɗauko shi daga littafin motarka, amma abin da ke yanke hukunci sikeli ne. Saƙala ƙugiyarsa a ɗaya daga bol ɗin taya, ja shi a kwance ta yadda zai so juya hob, ka karanta lambar a daidai lokacin da hob ya fara motsi. Ana neman kilo 2.9 zuwa 5.7. Auna sau uku daga wurare daban-daban, tun ba a mayar da kalifar birki ba. Sa sabuwar washa mai kunnuwa, ɗaure notin waje yadda littafi ya ce, sannan ka sake aunawa. Wannan sake awon ba ƙari ba ne. Notin waje yana tura na ciki gaba a kan zare, boris ya ƙara matsewa. In lambar ta wuce, kwance ka rage na ciki. In ta yi daidai, lanƙwasa kunne ɗaya ciki a kan notin ciki, ɗaya waje a kan na waje.

A Dana 44, notin ciki yana da ɗan tsinke, kuma tsinken waje yake kallo. Ɗaure zuwa kusan Nm 68 kana juya hob, sannan ka sassauta kamar rubu'in zagaye, ko yadda littafin ƙirarka ya ƙayyade. Sa washa mai ramuka ta yadda tsinken zai faɗa cikin rami. In bai faɗa ba, kife washar ka gwada, ko ka ɗan motsa noti. In ka ɗaure notin waje tsinken bai shiga ba, zai karye, kuma babu abin da ke riƙe ɗaurin. Notin waje mai ƙarfi ne, kusan Nm 200 a ƙirori da yawa. A ƙarshe hob ya juya ba cijewa, lilonsa kuma kada ya wuce milimita 0.1, wato abin da hannu da ƙyar zai ji.

Makulli, mai, da hancin aksul

Wanke makullin hob ka shafa masa giris kaɗan-kaɗan. In ka cika shi, sifirin ɗinsa ba zai iya tura haƙoran ba, ka murɗa zuwa LOCK ya ƙi kamawa a ranar da kake cikin taɓo. Don mayar da sakilif, ɗaura bol a ramin bakin shaf ka jawo shi waje har tsagar ta bayyana. Murfin Aisin a kan FREE ake mayar da shi, da sabon gasket.

Mayar da kalifa, goge faifan birki har ba ɗigon giris. Sai man difarenshiyal. Buɗe notin zubawa na sama kafin na tsiyayewa, kada ka zubar da mai sannan ka tarar na saman ya cije. Baƙin laushi a kan maganaɗisun noti ba komai, gutsattsarin ƙarfe kuwa matsala ce. Zuba man giya GL-5, yawanci 80W-90, mota a daidai, har ya kawo bakin ramin.

A saman aksul akwai ɗan ƙaramin hanci da iska ke fita ta ciki. Mutane kaɗan ke kula shi, alhali shi ne asalin zubar mai da yawa. In laka ta toshe shi, aksul ya yi zafi, iska ta rasa mafita sai ta tura mai ta sil. In kuma aksul mai zafi ya faɗa ruwa mai sanyi, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta hancin ko ta sil. Kwance shi, wanke, hura ka ji iska na wucewa. Motar da ke yawan ratsa ruwa, a sa wa hancin tiyo a kai bakinsa sama cikin ɗakin inji.

Gwaji

Sa taya, sauke mota, ɗaure notoci a tsallake-tsallake. Kafin motar ta motsa taka birki sau da yawa har ya yi tauri. Yi tafiyar kilomita 10 zuwa 15 a hankali, tsaya ka ji zafin hob biyun. In ɗaya ya yi zafin da hannu ba ya iya zama, koma ka rage ɗauri, kada ka ce zai saba. A kan ƙasa, ba kwalta ba, kulle hob ka sa jan ƙafa huɗu ka zagaya hagu da dama kana saurare. A busasshiyar kwalta tayoyin gaba da na baya ba sa samun zamewar da za su daidaita gudunsu, ƙarfin sai ya taru a Birfield da kuros.

Bayan kilomita ɗari biyu ko uku ka sake ɗaga motar ka jijjiga taya sama da ƙasa, musamman in ka sa sababbin kofuna, ka kuma bi notocin taya da na hannun sitiyari. Daga nan ka riƙa kulle hob kana tafiyar kamar kilomita 16 kowane wata, ko ba ka bukatar jan ƙafa huɗu, don shaf ya juya, mai ya wanke haƙoran difarenshiyal, giris kuma ya zagaya cikin gwiwa.